Garin Da Inna Ta Wanke Da Soso

Akwai wata ɗaliba mai suna Khairiyya, 'yar Kurmin Kogi, tana karatun kimiyya a Zariya. Da hutun ƙarshen damina ta dawo gida da wata ƙatuwar kwalba da madubin ganin ƙananan halittu da ta aro. Ta ɗebo ruwan kududdufi har da lakarsa, ta ajiye a taga. Aikinta na kammala karatu ke nan, in ya lalace sai ta maimaita shekara.

Kullum da hantsi takan ɗiga ɗigo ɗaya ta leƙa. Ga wasu koraye shar suna mirginawa a hankali, ga wani mai jiki garau, har zuciyarsa kana gani tana bugawa. Sai ta shagala har kokonta ya huce.

Rannan ta tafi biki Makarfi. Mahaifiyarta, Inna Lantana, ba ta ganin datti ta kau da kai. Ta wanke kwalbar tas da soso da sabulu, ta cika ta da ruwan rijiya.

"Ga ta nan sai ƙyalli," in ji Inna da murmushi, da Khairiyya ta dawo. "Ina 'yar jami'a ina kwana da ruwan kwaɗi?"

Kududdufin kuwa ya riga ya ƙafe. Ran Khairiyya ya ɓaci, magana ta zo mata har baki. Ta dubi farin cikin fuskar tsohuwa, ta haɗiye.

"Sannu da aiki, Inna. Ina kika zuba lakar?"

"Gindin zogale mana. Ana zubar da taki ne?"

Khairiyya ta kankaro busasshiyar lakar, ta jiƙa a kwalba, ta zauna jira. Bayan 'yan kwanaki ƙwayayen da ke barci a ciki suka ƙyanƙyashe, ruwa ya sake motsi. Ta kamo hannun Inna ta ce ta leƙa.

Inna ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Subhanallahi! Ashe gari guda na wanke da soso, kika ce mini sannu?" Idanunta suka ciko. "Wallahi da kin yi faɗa, kunya ba za ta bar ni in ambaci zogale ba."

Darasi: Kalma mai taushi ga iyaye takan dawo da abin da fushi zai binne. In ranka ya ɓaci, riƙe harshenka tukuna. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.