Dila da Ranar Fiɗiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, in da nama a ciki mu taya ta ci.

To, ku matso. Amma duk wanda ya yi dariya zan naɗe tabarmata, don ni abin tausayi zan ba ku, an zalunci mai basira irina.

Wata rana Dila ya laɓe a bayan garin Kwarin Goriba yana leƙen kaji, sai ya ji mai shela yana kaɗa ganga: "Hukuma na gaishe ku! Daga yau duk mai kare ya ɗaura masa lamba da ƙararrawa a wuya, ya kai shi allura, ya ciyar da shi safe da yamma!"

Dila ya ce, "Safe da yamma? Kuma doka ce?" Ya dubi ƙafafunsa, huɗu. Ya waiga, ga wutsiya. Ya leƙa kududdufi, ya ce, "In ban da na fi shi kyau, me ya raba ni da kare?"

Ya koma rami ya gaya wa matarsa Tasalla zai shiga gari ya zama kare. Ta ce, "Maigida, bana nake so mu ji kukan 'ya'ya a ramin nan. Ka je lafiya, ka dawo mini yadda ka tafi."

Ya ce, "Zan dawo har da ƙari."

Bai zarce ko'ina ba sai gidan Tunau mahauci. Ya kwanta a ƙofa, ya kaɗa wutsiya, ya yi haushi. Haushin ya fito kamar tari, amma Tunau ya ce, "Wayyo, mura yake yi." Ya ɗaura masa lamba da ƙararrawa, ya jefa masa huhu.

A gidan akwai wani tsohon kare, Durwa, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Dila ya kewaya shi, ya sake kewaya shi, ya ce, "Yaya Durwa, don Allah me ya sa ka haka?"

Durwa da ƙashi a baki ya ce, "Fiɗiya."

Ku kuma ku faɗi gaskiya, baki cike da ƙashi, a gidan mahauci, wa zai ji fiɗiya bai ji fiɗa ba?

Dila ya haɗiye yawu. "Fiɗa? Ta sa ko ta rago?"

"Ta kowa. Sabuwar doka ta ce duk karen da ba na iri ba, a yi masa. Ran kasuwa za a yi."

"Har da ni?"

"Har da kai, ƙane."

"Kai da aka yi maka, yaya ka ji?"

Durwa ya lumshe ido. "Tun daga ranar ban ƙara sha'awar komai ba."

Dila ya ce a ransa, "Kai! Wannan wane irin ƙoshi ne?"

Ran kasuwa Tunau ya ja su zuwa gindin tsamiya wurin malamin dabbobi. Karnuka sun yi layi, kowa ya matse wutsiya. Dila ya ture wannan, ya ture wancan, ƙararrawa na ƙilin-ƙilin, yana cewa, "Ku ba baƙo hanya!" Ba wanda ya yi masa gardama. Wani ma ya ce, "Bismilla, wuce, Allah ya saka."

Ya isa gaba. Ga wuƙa, ga kwanon ruwa da sabulu, ga tebur. Ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya leƙa bayan tsamiya.

"Malam, ina dabbar da za a feɗe?"

Malamin dabbobi ya ce, "Tunau, riƙe mini ƙafafunsa na baya."

Aka kwantar da Dila rigingine. Ya ga inda malam yake kallo. Ya ga inda wuƙa ta nufa. Nan take ya tuna da Tasalla.

"Tsaya, malam! Ni karen iri ne!"

"Da wannan haushin naka? Wa zai so irinsa?"

"To, ni ba kare ba ne, ni..." Sai ya hango maharba zaune da bindigogi, ya tuna kajin garin da ya ci. Ya haɗiye sauran maganar.

Malam ya ce, "Kai mene ne?"

"Ni mai jin ƙishirwa ne. A bar ni in kurɓi ruwa, sai a yi."

Aka sake masa kai. Ya tsoma baki a kwano, ya cafki sabulu, ya tauna, ya tauna, ya ɗago. Kumfa fal baki. Ya juya ido, ya saki kukan dila na ainihi.

Wata mai tallan gyaɗa ta ƙwalla ihu, "Mahaukacin kare!"

Malam ya yar da wuƙa. Tunau ya haye tsamiya. Maharba suka arce, suka manta bindigogi. Durwa kaɗai bai motsa ba, shi ba ya sha'awar komai.

Dila ya zuba a guje, ƙilin-ƙilin, ƙilin-ƙilin, har rami.

Tasalla ta ce, "Maigida, ina ƙarin da ka ce?"

Ya shafa, ya tabbatar, ya yi ajiyar zuciya. "Ke dai kin ce in dawo yadda na tafi. Duba, ko ɗaya bai ɓata ba."

A damina suka haifi 'ya'ya cike da rami. Sai dai ƙararrawar nan ta ƙi fita, tun daga nesa kaji ke jin zuwansa su haye rumbu, dole iyali suka koma cin fara da kanya. Na ce ban da dariya!

Kurunkus, kan ɓeran da bai je layi ba. In kun ga layi kowa na cewa ku wuce gaba, ku fara tambayar ina naman yake.