Anti Gwaji da Takardar Maganin Tsoho

Akwai wata sakatariya a wani ƙaramin asibiti da kowa ke kira Anti Gwaji. Ta samu sunan ne saboda ba ta taɓa ba mutum takarda daga firinta sai ta fara fitar da ɗaya ta gwaji, ta ɗaga ta a hasken taga, ta ƙare mata kallo. Abokan aiki har cewa suke ko katin gayyatar aurenta sai da ta gwada.

Wata safiya wani tsoho ya zo da kwalaben magani biyu. An sallami matarsa mai ciwon zuciya, shi zai riƙa ba ta maganin, kuma daga shi har ita ba mai karatu. Ƙwayoyin duk farare ne. Likita ya ja kunnensa cewa idan ya rikita na safe da na yamma, jininta zai iya faɗuwa.

Anti Gwaji ta tsara masa jadawali a kwamfuta: jan gida na safe, koren gida na yamma, da sitika mai kala iri ɗaya da za a manna wa kowace kwalba.

Da takardar ta fito, sai jan ya zama ruwan ƙasa, koren ma ya dushe. Ashe sabon injiniyan ofis ya mayar da firintar kan tsimin tawada.

Yana tsaye a wurin da tabaransa, ya ce, "Anti, ja ai ja ne. Ba shi ya tafi, ga layi har bakin ƙofa."

Ta buɗe saitin kala, ta cire tsimin, ta ƙara wa jan ƙarfi, ta sake bugawa. Ta miƙa wa tsohon.

"Baba, nuna mini na safe."

Tsohon ya kai takardar kusa da hancinsa. Yatsansa ya yi ta yawo, can ya sauka a kan kore. Kunya ta kama shi. "'Yata, idon ne ya tsufa. Duk ɗaya nake ganinsu."

Tausayinsa ya kama ta sosai.

Injiniya ya yi tsaki. "Takarda biyu kenan a banza."

Ta ɗauko ta farkon ta ba shi. "Ƙanena, cire tabaranka, ka nuna mini na safe."

Ya yi dariya ya cire. Ya duba, ya matso da ita, ya nisanta ta. Dariyar ta ɗauke, don shi ma ya kasa bambance kalolin. Wannan ce takardar da ya ce a ba tsoho ya tafi da ita gida.

Anti Gwaji ta canja kalolin gaba ɗaya, rawaya mai haske na safe, shuɗi mai duhu na yamma. Tun kafin ta tambaya tsohon ya dangwala yatsa. "Wannan rana ce, wannan kuma ta faɗi!"

Bayan sati uku ya dawo, matarsa na biye da shi da ƙafarta. Ta ce ita lallai sai ta ga mai rawaya da shuɗi. Ta riƙe hannun Anti Gwaji tana ta sa mata albarka.

Injiniya yana gefe yana gyara waya. Da suka fita, ya ciro wata takarda daga aljihu ya ajiye a teburinta.

"Anti, mahaifiyata ma magani uku take sha. Rubutu nake yi mata, ashe kunyar faɗa mini take ba ta gani."

Ta jawo kujera ta ce, "Zauna. Wace kala ta fi gani?"

Darasi: Kada ka auna aikinka da idonka kaɗai, auna shi da idon wanda zai yi amfani da shi. Haƙurin minti biyar na iya tsare ran mutum. Tura wa duk wanda ke kula da tsoho a gida.