Katangar Dagaci Barau

Wai an yi wani dagaci mai suna Barau, wanda ko inuwarsa ba ya son wani ya sha. Ya sa Tanimu magini ya tayar masa da katangar laka tsakaninsa da maƙwabcinsa, Malam Jibo. Da ta bushe, sai ga Jibo ya shimfiɗa tabarma ta ɗaya gefen, ya jingina abinsa.

Dagaci ya kira Tanimu. "Wa ya ce ka yi wa katangata gefe biyu? Ka cire na Jibo ka bar mini nawa, ko ka bar garin nan!"

Tanimu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, tun kakanninmu magina ke tafka wannan wauta, sai yau Allah ya kawo mai basirar da ya gano ta."

Ya ɗauki diga, ya kankare bayan katangar. "Ranka ya daɗe, zagayo ka duba. Gefen Jibo ya fita?"

"Makaho ne kai? Ga shi nan!"

"To, in ƙara?"

"Ƙara mana!"

Sau huɗu yana tambaya a gaban jama'a, sau huɗu Dagaci na cewa a ƙara. A na biyar katanga ta zube rijif, awakin Jibo suka tsallako suka nufi rumbu.

Dagaci ya daka tsawa. "Kai! Ina nawa gefen?"

"Allah ya ja zamaninka, ni ma yanzu na gani. Ashe duk kwanakin nan na Jibo ne ke goye da naka."