Kurege da Gyaɗar da Ta Ƙi Saura

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, in ba mai tsawo ba ce.

Wata shekara dabbobi bakwai, har da Kura, suka yi gonar gyaɗa tare. Kurege ba ya cikinsu, bai taɓa fartanya ba, ciwon baya wai. Amma ranar rabo shi ya fara isowa, don al'adar dajin ita ce, mai rabo ba shi da kaso, sai dai duk abin da ya saura bayan an raba daidai nasa ne. Rumbunsa kuwa ko ɓera ya daina leƙawa.

Aka ƙirga gyaɗa, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin. Kurege ya lashe baki. Ya raba wa bakwai, ɗari uku da sittin-sittin. Ya duba tabarma, wayam.

Ya ce ai an manta da Kunkuru, da ya yi gadi. Aka tara, aka raba wa takwas. Wayam. Ya jawo Bushiya, tara. Wayam. Ya jawo wata Hawainiya da ke wucewarta, goma. Kowa ɗari biyu da hamsin da biyu, tabarma wayam.

Kura ta ce, "Malam Kurege, kasona sai ramewa yake yi. Ka sake kiran wani, da kai zan cike."

Kurege ya ce a sake ƙirgawa, ya faki ido ya cusa ƙwaya ɗaya a kumatu. Aka raba. Sai ga tara sun saura!

Kurege ya yi tsuru-tsuru. Ya cire ɗaya, tara sun fito? Ni ma kada ku tambaye ni, ban gane ba. Da mai hankali ne da ya kwashi taransa ya tafi. Sai ya ce a ransa, in ɗaya ta haifi tara, tara fa?

Ya ce bai gamsu ba, a sake tarawa. Ya cusa tara a kumatu, aka raba. Wayam.

Kura ta ce, "Nawa ya saura?"

Ya buɗe baki zai ce babu, sai gyaɗa goma suka zubo. Kura ta miƙe tsaye.

Kurege ya ce, "Ranki ya daɗe, zagayen ƙarshe ke nan. Na adana muku ne. Kowa ya ɗauki ɗai-ɗai."

Suka ɗauka, goma cif, ko ɓawo ba a bari ba. Aka yi ta sa masa albarka, wai ba a taɓa ganin mai amana irinsa ba, har aka ce baɗi ma shi zai raba. Ya koma gida da yunwarsa.

Shi ya sa har gobe za ku gan shi tsaye bakin rami, kumatu a kumbure, yana ƙirga yatsu, lissafin bai fita ba.

Kurunkus kan kurege. Wanda zai yi sata, ya fara koyon lissafi tukuna.