Kamalu da Kiɗan Yatsa Ɗaya

A garin Kankiya an yi wani makaɗin fiyano mai suna Kamalu. Mutum ne mai fara'a da son raha, amma yana da ciwo guda: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa, ko da mai shayi ne aka ce ya iya haɗi, sai ya samo masa aibi. Shekara bakwai yana yi wa mawaƙi Ɗanmaliki kiɗa a wuraren biki da suna, har ya ɗauka kujerar makaɗi gadon gidansu ce.

Fiyanon da yake kaɗawa irin mai rakiya da kansa ne. Idan ka danna da hannun hagu, sai ganga da sauran kayan kiɗa su taso su bi ka, kai kuwa ka ji da hannun dama. Tun ranar da aka sayo shi a Kano, mai shagon ya saita masa shi yadda yatsa ɗaya zai wadatar. Ya kuma nuna masa wani wuri a ɗan allon fiyanon, ya ce idan aka juya nan, sai an haɗa yatsu uku daidai kafin kiɗan ya motsa. Kamalu ya ji daɗin yatsa ɗaya, bai sake koyon komai ba.

Ana nan sai Ɗanmaliki ya ɗauko wani makaɗi daga Yashe, Sharafaddeen, don su riƙa karɓa-karɓa, saboda aiki ya yi yawa. Ba a yi wata guda ba mata suka fara cewa kiɗan baƙon ya fi shiga jiki. Wannan magana ta tsaya wa Kamalu a rai, abinci ma ya daina yi masa daɗi. Duk sanda Sharafaddeen ya zauna kan kujera, sai Kamalu ya juya baya ko ya tafi sayen ruwa, don haka bai taɓa kallon hannunsa ba. A majalisa kuwa cewa yake yi na'ura ce ke yi wa mutumin aiki, da yatsa ɗaya yake dannawa kamar kowa.

Rannan aka gayyace su bikin ɗiyar wani mai shanu a Kaikai, cikin Kusada. Ɗanmaliki ya ce Sharafaddeen zai fara, Kamalu ya ƙarasa. Kamalu ne ya haɗa kaya, kuma da ya ga hankalin kowa yana wajen tayar da janareta, sai ya shiga allon ya juya saitin zuwa yatsu uku. Nufinsa baƙon ya ji kunya, shi kuma ya zo ya gyara a matsayin gwani, a sallami ɗan Yashe tun a ranar.

Bayan la'asar aka fara. Kamalu ya koma gindin darbejiya yana jiran kiɗa ya rikice. Kiɗa bai rikice ba, sai ma daɗi da ya ƙara, domin Sharafaddeen da yatsu uku ya koya tun farko. Mata suka cika fili.

Ana tsakiyar waƙar amarya Ɗanmaliki ya kira sunan Kamalu cikin baiti, alamar lokacin karɓarsa ya yi. Sharafaddeen ya miƙe ya ba shi kujera, ganga na ci gaba da bugawa. Babu damar tsayawa. Kamalu ya danna yatsansa ɗaya, rakiyar ta ƙi motsawa daga inda aka bar ta. Mawaƙi ya hau sama, kiɗa na ƙasa. Ya sauko, kiɗa na nan inda yake. Kamalu ya sunkuya zai mayar da saitin, hasken rana ya hana shi ganin allon, ya danna wani wuri daban. Komai ya yi tsit, sai muryar Ɗanmaliki ita kaɗai a lasifika.

Sharafaddeen ya matso ya kare allon da hularsa, ya ce cikin ladabi, "Yaya Kamalu, ai ba abin da ya lalace. Tun da na zauna na ishe shi bisa yatsu ukku, na ɗauka kai ma da su kake kaɗawa."

Ɗanmaliki ya daɗe yana kallon Kamalu, don ya san wanda ya haɗa kayan, ya kuma san da yatsa nawa yake kiɗa. Ya kawar da makirufo daga bakinsa ya ce, "To mi ya kai ka juya shi, in ba don ka kunyata mu ba? Tashi ka ba shi wuri."

Kamalu ya tashi. Da aka watse, shi kaɗai ya hau mashin ɗin haya zuwa Kankiya, kuma Ɗanmaliki bai sake nemansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, hassada tana hana mutum ganin abin da ke gaban idonsa. Da Kamalu ya daure ya kalli hannun Sharafaddeen sau ɗaya, da ya gane abin da ya fi shi, ya roƙi a koya masa, su ci gaba da aiki tare. Idan ka ga wani ya fi ka a sana'arka, matsa kusa ka koya, kada ka nemi hanyar kayar da shi, domin cutar da ka shirya masa ta fi kusa da kai.