Makaɗin Misfala da Kunnensa na Hagu

Akwai wani Bahaushe haifaffen Makka mai suna Majid, gidansu a unguwar Misfala. Shekararsa goma sha biyu yana buga ganguna a wata ƙungiyar pank rok, kiɗan nan mai sauri da tsananin ƙara. A Jidda suke wasa duk ƙarshen mako, kuma da ya ga matasa sun fara sanin sunansa, sai kai ya kumbura.

Maƙwabcinsa Baba Sabi'u ɗan Maradi ne, dattijo mai fasa kankare da inji a wuraren gini. Wata rana ya tare Majid a matakala.

"Ɗana, na ga sai an ɗaga murya kake ji. Ka riƙa toshe kunne in za ka yi kiɗan nan."

Majid ya yi dariya. "Baba, kai dutse kake fasawa, ni fasaha nake yi. Kowa ya tsaya a shugul ɗinsa, kowa da aikinsa."

Dattijon ya wuce abinsa.

Bayan wata biyu, washegarin wani babban wasa, Majid ya tashi kunnensa na hagu ɗif, sai wani zuuu a ciki. Tsoro ya kama shi, amma ya ɓoye wa kowa, har matarsa Hafsa. Ya ce a ransa abin zai wuce da kansa.

Har kwana uku abin bai wuce ba. Da suka fito sallar azahar, Baba Sabi'u ya yi masa sallama ta hagu har sau biyu, shiru. Sai ya zagayo ta dama ya riƙe hannunsa.

"Tun yaushe?"

Majid ya sunkuyar da kai. "Tun Asabar."

"Yalla, mustashfa yanzu, mu je asibiti. Ni wata guda na jira, ga shi kunnena ɗaya bai dawo ba har yau."

Ranar dattijon ya bar aikinsa, ya zauna da shi a layi har la'asar. Likita ta auna kunnen, ta ce da ya ƙara jinkiri da wuya magani ya yi aiki. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ta hana shi kiɗa na wata uku.

A kwana na tara, yana kwance a kan kunnen dama, ya ji Hafsa tana motsa cokali a kofin shayi. Ya tashi zaune a hankali.

"Hafsa, sake juyawa."

Ta sake. Ya ji. Ya rufe fuska da hannu yana ta alhamdulillah.

Ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya sauka ya ƙwanƙwasa ƙofar Baba Sabi'u. "Baba, ka yafe min maganar da na faɗa maka."

Dattijon ya yi murmushi. "Na yafe. Shigo mu sha shayi, amma zauna ta damana."

Majid ya koma kan gangunansa bayan wata ukun, yana bin umarnin likita sau da ƙafa.

Darasi: Kada ka raina shawarar mutum saboda sana'arsa, wataƙila ya riga ka shan wuyar abin da yake gargaɗinka a kai. Kuma in jikinka ya canza, kada ka ɓoye, je asibiti da wuri. Ku tura wa 'yan uwa, wani na iya tsira da kunnensa.