Tumbin da Ya Cinye Baƙonsa

Dalilin da ya sa maganin ciwon suga na allura ba ya bi ta baki, ku matso ku ji. Kai mai gyangyaɗi, tashi, ba da bango nake ba.

A da can, kowane magani ta baki yake shiga, ya sauka gidan Tumbi, shi kuma ya raka shi hanyar jini. Ana nan sai ciwon suga ya kwantar da wani majemi, Malam Tanimu, har ba ya gane 'ya'yansa. Likita ya kirawo wasu magunguna biyu, wa da ƙane, Babba da Auta. Su kuwa jikinsu dangin nama ne.

Babba ya riga shiga. Auta na bakin ƙofa yana jira, shiru kamar an aiki bawa garinsu, ga Malam Tanimu sai ƙara dusashewa yake. Auta ya leƙa gidan Tumbi.

"Ranka ya daɗe, ina yayana?"

Tumbi ya yi gyatsa. "Wanne? Mai ƙanshin naman nan? Ai na narkar da shi."

Ashe kura aka ba ajiyar nama. Ran Auta ya ɓaci. "Baƙon naka ka cinye? Mutumin da ya zo ceton mai gidanka? In ya mutu, wa zai ƙara zuba maka tuwo?"

"Ni aikina ke nan. Shigo mu gaisa mana."

Ku ji rashin kunya. Ko haƙuri bai bayar ba, neman ƙari yake. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan bai san haka ba.

Auta ya juya ya sami likita. "Ku mai da ni ruwa, ku huda mini wata ƙofa. In na bi ta gidan wancan maciyin amana, ku canja mini suna."

Likita ya ɗauko allura ya nufi Fata. Fata ta ce, "To ni me na yi?"

Auta ya ce, "Ba ki yi komai ba, Yaya. Ki yi haƙuri, rai ne."

Aka soka allura, Auta ya wuce jini kai tsaye. Kafin la'asar Malam Tanimu ya buɗe ido ya kira autarsa da sunanta.

Shi ya sa har yau maganin nan sai ta allura. Tumbi ne ya ci, yana can kwance yana gurnanin yunwa, baiwar Allah Fata kuwa ita ake soka kullum.